Dandamalin Maɗacin da Muka Shafe wa Baba

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Akan tambaye ni sunan wata da muka yi ƙuruciya tare, in yi ta lalube in rasa. Amma bazarar da muka shafe dandamalin Baba da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, da man kaɗe, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba har ranar da za a kai ni makwancina. Ko yanzu in na wuce inda ake yaɓe na ji warin makuba, sai in ga kaina a bayan gidanmu, hannuwana jajur har gwiwa.

Abin ya faru ne tun kafin Basasar 'ya'yan sarki, balle a ji labarin zuwan Nasara. Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗambatta da Bici, irin ƙauyukan nan da gida ke kallon gida, gonar wannan tana manne da ta wancan, in zakaranka ya yi cara maƙwabci ya tashi. Kakanninmu daga Barno suka zo, amma a zamaninmu babu abin da ya rage mana na can sai zanen fuska. Mahaifinmu masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, ƙyauren ƙofa, duk yana yi, ranar kasuwar Ɗambatta a ɗora wa jakuna. Mutum ne mai zafi a kan aiki. In ya shafa abu ya ji tudu ko kwari a inda bai kamata ba, ba ya jira ka yi bayani, sai ya miƙo maka gizago.

Wata shekara bayan an gama kaka, yana tsaka da fafe turmi sai ya kife. Da aka ɗauko shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. An sha rubutu, wanzami ya yi ƙaho, an jiƙa saiwoyi iri-iri. Ciwon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Da farko yakan yi ƙoƙarin magana, kalmar ta fito a murɗe, yawu ya biyo ta. Masu zuwa dubiya su sunkuyar da kai suna "Wayyo, Allah sarki." Da ya ga haka sai ya rufe bakinsa gaba ɗaya, ya juya fuska bango. Daga nan abinci ma ya fara ƙi. A kawo kunu ya kurɓa kaɗan ya ture.

Ni a lokacin ina gidan mijina a wani ƙauye kusa da mu, da 'ya'yana. Da labari ya iske ni cewa Baba yana ƙarewa, na nemi izini, mijina ya ce in je in zauna har abin da Allah ya yi. Na tarar da mutumin da na sani ƙaƙƙarfa ya koma kamar tsohon zani a kan gado. Na durƙusa na gaishe shi. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma duk zafinsa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ran nan ko juyowa bai yi ba.

Zafin bazara ya shigo, ɗakin ya zama kamar tanderu. Inna ta ce zafin nan kaɗai ya isa ya ƙarasa shi. A bayan ɗakinsa akwai wata tsamiya, iska mai sanyi tana tasowa daga fadama ta bi ta ƙarƙashinta, kuma daga nan ana hango gonarmu har iyakarta. Sai dai wurin hanyar ruwa ne. Da damina ko dakalin ƙasa ka gina sai ya narke. Yayana, wanda ya gaji sana'ar, ya ce to shi itace ya sani, da itace zai yi. Ya sare wani maɗaci a iyakar gona, ya tsattsaga shi, ya sassaƙe allunan ɗaya bayan ɗaya da gizago. Ya kafa turakun ƙirya bayan ya babbake gindinsu saboda gara, ya gitta azara a kai, ya jera allunan ya kafe su da ƙusoshin maƙera. Tsayinsa bai wuce gwiwa ba, don a ji daɗin ɗora marar lafiya, faɗinsa kuwa ya ɗauki tabarma babba har da saura. Ya yi masa majingina ta baya. Ban taɓa ganin irinsa a ƙauyenmu ba, mutane suka riƙa ratsowa suna kallo.

Ranar da ya buga ƙusar ƙarshe, da hantsi, Yaya ya ce Inna ta narka man kaɗe a shafe shi, gobe a fito da Baba. Aka ɗora tukunya a murhu nan gefen tsamiyar. Man ya narke, ƙamshinsa ya cika wurin. Yaya ya naɗe hannun riga ya ce, "Miƙo mini tsumman nan." Ina miƙa masa ke nan sai muka ji wata murya ta fito ta 'yar tagar ɗakin Baba, a shaƙe, kamar ana jan dutse a ƙasa.

"Ɗa... ɗanye!"

Muka tsaya cak. Inna ta dafe ƙirji. Watanni ke nan ba wanda ya ji muryar nan a gidan. Na saki tsumman na ruga ɗaki, na tarar ya juyo, idanunsa a buɗe tar, hannunsa na hagu yana dukan gado.

Na ce, "Baba, me ka ce?"

Ya yi ta kokawa da harshensa kafin ya fitar. "Kar... a shafa. Ruwa... a ciki."

Ashe duk kwanakin nan yana kwance yana sauraro. Ya ji ranar da itacen ya faɗi, ya ji ƙarar gizago a jikin ɗanyen maɗaci, ya kuma san bai isa bushewa ba. Yaya ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, cikin ladabi, "Baba, ai turmi ma ɗanye muke shafa masa mai." Baba ya harare shi, irin hararar da muka sani tun muna yara, ya girgiza kai. Daga baya, da bakinsa ya ƙara sakuwa, ya bayyana mana: turmi a inuwa yake zama, ana shafa masa ne don kada ya tsage. Allon da zai kwana a waje kuwa, in ka rufe shi da mai alhali ruwa na cikinsa, ka kulle ruwan ke nan, zai ruɓe ta ciki kana ganin bayansa yana ƙyalli.

A daidai lokacin nan wani tunani ya faɗo mini, kuma har yau ina gode wa Allah da ya sa shi a zuciyata. Na san yadda ake gane itace ya bushe, tun ina yarinya nake gani. Amma sai na marairaice na ce, "To Baba, mu yaya za mu yi mu gane ya bushe? Ni ban sani ba, Yaya ma ka ga bai sani ba."

Ya buɗe baki zai yi bayani, kalmomin suka ƙi. Ya sake gwadawa suka ƙi. Ransa ya ɓaci, ya bugi gadon da ƙarfi ya ce, "Ku kai ni!"

Inna ta ce, "Malam, mutane fa suna wucewa ta wurin." Ta san abin da yake gudu ke nan. Sai ya nuna rawaninsa da ke rataye. Na naɗa masa, na ja amawali na rufe bakin. Yaya ya goya shi. Daga baya ya gaya mini da ya ɗaga shi sai da ƙwalla ta zo masa, don damin kara ma ya fi shi nauyi.

Muka zaunar da shi a bakin dandamalin. Ya daɗe yana lumshe ido saboda haske. Sannan ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan allo, ya shafa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ya nuna buta, na miƙo. Ya tsoma yatsa ya ɗiga ruwa a kan itacen. Ɗigon ya zauna a dunƙule, bai shige ba.

Ya ce, "Ya ƙoshi. Sai... ya ji ƙishirwa."

Bai tsaya nan ba. Ya cusa farce a tsakanin alluna biyu, farcen ya ƙi shiga. Yaya ya haɗa su ne ƙam-ƙam, ko allura ba ta ratsawa, kuma da wannan yake alfahari. Baba ya ɗaga ɗan yatsansa ya ce a ciccire, a bar tsakani kamar kaurin wannan, don ruwan sama ya sami hanyar zurarewa, iska kuma ta shiga. Na ga ran Yaya ya ɓaci.

Da muka mayar da Baba ɗaki, Yaya ya ja ni bayan rumbu. Ya ce, "Ke, wane irin wasa ne wannan? Kin san gwajin ruwan nan sarai, ni ma na sani. Gaggawa ce kawai ta sa ni. Kin sa ya mayar da ni yaro a gaban Inna, ga shi yanzu sai na kwance aikin da na sha wuya a kansa."

Na ce, "Na sani, Yaya. Zo ka ga wani abu."

Na kai shi bakin ƙofa ya leƙa. Inna tana riƙe da ƙoƙo, Baba yana shan kunu, yana sha har yana ɗaga ƙoƙon da hannunsa. Yaya ya tsaya yana kallo. Can ya juya, ya ɗauki abin cire ƙusa ya nufi gindin tsamiya.

Daga ranar muka shiga wani sabon zama. Kullum da safe a goyo Baba, ya ɗiga ruwa, ya duba, ya ce, "Da saura." Ni kuwa na mayar da kaina wadda ba ta san komai ba. Lokacin ɗorawa ne, kowane gida ana ɓare ta ana fitar da gari da kalwa, sai na bi gida-gida ina roƙon ɓawon, don da shi ake makuba. Na tara, na shanya, na zo gabansa da turmi na ce, "Baba, a daka ne ko a jiƙa haka nan?" Ya dube ni kamar zai mare ni ya ce, "Daka!" Na daka, na zuba a randa na cika da ruwa. Na ce, "Yau za a tace?" Ya ce, "Ke... wace irin... mace ce?" Inna ta juya baya tana danne dariya. Kowace tambayar wauta na yi, sai ta jawo kalma uku ko huɗu daga bakinsa, kuma na lura in yana faɗa harshen ya fi sakuwa. Abinci kuwa na sami dabararsa. In ya ture sai in ce, "To shi ke nan, gobe hannunka ya yi rawa ka kasa ɗiga ruwan, mu shafa abinmu yadda muka ga dama." Sai ya jawo akushin.

Ruwan randar ya yi ja, ya koma baƙi-baƙi, wari ya tashi. Kullum yakan tsoma yatsa ya shafa a jikin wani guntun maɗaci ya ajiye a rana, ya ga launin da zai bayar. Ya sa aka daka bagaruwa aka ƙara, ya ce ita ke sa makubar ta kama jikin itace, ƙwari kuma ba sa son ta. Ya aiki Yaya wurin masu zuma ya samo kaki, wanda za a narka da man kaɗe a ƙarshe.

Akwai wani tsohon abokinsa maƙeri, wanda ya ƙera ƙusoshin. Shi kaɗai ne bai taɓa ce masa "Allah sarki" ba. Yana wucewa ya gan shi a waje sai ya ratso ya ce, "Au, ashe kana nan? Na ɗauka ka gudu ne don kada ka ga ɗanka ya fi ka iya sassaƙa." Baba ya ce, "Ƙusarka... ta lanƙwashe." Suka kama musu, ɗaya da cikakken baki, ɗaya da rabi. Tun daga nan kusan kullum sai ya zo.

Sai dai sama ba ta jiran kowa. Zafi ya tsananta, gabas ta fara haɗa gajimare da yamma, ana hango walƙiya can nesa. Mutane sun gama sharar gona, wasu har sun binne iri suna jiran ruwa. Itacen kuwa kullum Baba ya ɗiga ruwa sai ya ce da saura. Hankalin Yaya ya tashi, kuma yana da gaskiyarsa. In ruwan farko ya sauka a kan allunan ba a shafe su ba, za su sake sha, kuma damina in ta kankama ba za a ƙara samun ranakun da za su bushe ba.

Ya same ni ina tace makuba ya ce, "Mu shafa gobe da sassafe kafin a fito da shi. Ya yi faɗansa ya gama. Gara a shafa da ɗan saura da a rasa duka."

Na ce, "Ba da hannuna ba."

"In ruwa ya riga mu fa? In ya ruɓe?"

Na ce, "In ya ruɓe akwai wani maɗacin a daji, Yaya. Baba kuwa guda ɗaya ne. Ranar da ya fito ya tarar an yi ba da shi ba, wallahi bango zai koma, kuma ba za mu sake juyo da shi ba."

Ban taɓa yi wa yayana magana haka ba, amma ko ɗar ban ji ba, don na tabbata a kan daidai nake. Ya daɗe yana kallon gabas, sannan ya ce, "Allah ya riƙe mana ruwan."

Allah kuwa ya riƙe. Wata safiya Baba ya ɗiga ruwa, muna tsaye a kansa, sai ɗigon ya baje, ya shige cikin itacen ya bar tabo mai duhu. Ya matsa ya gwada a wani allon, ya sa aka gwada a na can ƙarshe wanda ya fi samun inuwa. Duk suka sha. Ya ɗago ya ce, "Yanzu."

Ranar ba wanda ya zauna. Muka goge allunan da yashin rafi mai laushi har suka yi sumul, muka share tas. Na tsoma tsumma a makuba na fara shafawa, da gangan na gitta. Ya daka mini tsawa: "Bi jijiya!" Wato in bi yadda zaren itacen ya kwanta. Yaya ya shiga ƙarƙashi yana kwance rigingine yana shafa cikin allunan da azara, makuba tana ɗiga masa a fuska. Baba ya ce bakin allo, inda aka yanke, nan ne ruwa ya fi shiga, nan za a fi shayar da shi. Sai na ce, "Baba, mu hannu ya yi mana kaɗan. Bakunan nan kai za ka yi."

Inna ta zaro ido. Ban kula ba. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙasa daidai bakunan allunan, muka jingina shi da turmi, na ajiye ƙwarya a gefensa na sa masa tsumma a hannun hagu. Hannun bai saba ba. Ya tsoma, ya kai, tsumman ya zame. Ya sake, gwiwar hannunsa ta bugi ƙwaryar ta kife, makuba ta malale a rigarsa. Inna ta taso da sauri tana cewa, "Ya isa haka, Malam, kawo in ƙarasa maka." Na sha gabanta na riƙe hannunta. Na yi ƙasa da murya na ce, "Inna, don Allah ki bar shi." Na sake cika ƙwaryar na ajiye, na koma aikina, ban ko kalle shi ba. Ta wutsiyar ido na ga ya ɗauki tsumman. Ya daɗe a kan allon farko. Na biyu bai kai haka ba. Kafin azahar ya gama layin gaba ɗaya, gumi ya jiƙe rawanin, amawalin ya zame daga bakinsa bai ma sani ba.

Washegari muka ƙara shafa ta biyu. Itacen ya yi wani ja mai duhu kamar goron da ya sha ajiya, zanen jijiyoyinsa ya fito ɓaro-ɓaro. Saura mai da kaki, Baba ya ce sai makubar ta bushe sarai, a bari sai gobe in rana ta take.

Da la'asar ɗin ranar hadari ya taso. Ba irin na nesa da muka saba gani ba, wannan baƙi ƙirin ya tokare gabas, iska ta fara kaɗa tsamiya, kaji suna gudu. In ruwa ya sauka a lokacin, zai wanke makubar ya kuma jiƙa itacen, komai ya koma farko. Yaya ya yi kan Baba zai goya shi, Baba ya ture shi ya ce, "Rufe... tukuna!" Muka watse. Na kwaso tabarmi, Inna ta fito da fatun da ake shimfiɗa, har da buzun sallar Baba. Yaya ya tumɓuke zanan bayan gida. Maƙerin nan ya hango mu, ya kira maƙwabta, suka cicciɓo jinkar wani tsohon rumbu suka kifa a kai. Iska tana ɗaga fata ta nan, mu danne ta can. Muka jera duwatsu da turame a gefe-gefe. Ina juyowa sai na ga Baba ya ja jiki da kansa har bakin dandamalin, ya kama kusurwar wata fata ya danne da hannunsa da ƙirjinsa. Mutumin da ko tashi zaune a gado sai an tashe shi.

Ruwan ya zo da ƙarfi amma bai daɗe ba. Muka jiƙe sharkaf, shi ma haka, don ya ƙi sakin fatar sai da aka kawo dutse aka ɗora a wurin. Inna tana goge masa jiki tana faɗa, wai mun haɗa kai za mu kashe mata miji. Shi kuwa tuwo ya nema.

Da gari ya waye muka yaye rufin. Ko'ina a bushe, sai kusurwa ɗaya ta arewa inda iska ta ɗage zana. Rana ta fito da zafinta. Muka narka man kaɗe da kaki a tukunya ɗaya, muka riƙa ɗiba da zafinsa muna shafawa, itacen yana shanyewa muna ƙarawa, har ya ƙi karɓa. Sannan muka bi da busasshen tsumma muna murzawa, don Baba ya ce man da ya kwana a sama ba ya tare ruwa, ƙura kawai yake tarawa ya ɓata wa mutum riga. Kusurwar da ta jiƙe muka bar ta sai da ta bushe, sannan aka yi mata nata. Launinta bai taɓa zama ɗaya da sauran ba, ta fi haske, kuma haka ta zauna.

Ba a jima ba ruwan shuka ya sauka, wata safiya, irin mai yawa da ba ya gaggawa. Baba ya ce a kai shi bakin ƙofar baya. Muka tsaya muna kallo. Ruwa yana sauka a kan allunan yana dunƙulewa kamar duwatsun wuya, yana gangarawa ta tsakanin da aka bari, a ƙasa kuma kwata tana wucewa ta tsakanin turaku ba ta taɓa komai ba. Da aka ɗauke, Yaya ya je ya share da tafin hannu sau ɗaya, ya ɗago hannun ya nuna mana. Itacen a bushe. Baba ya yi dariya, da karkataccen bakinsa a buɗe, ba rawani ba komai.

Aka shimfiɗa masa tabarma a kai, ya jingina, yana kallon Yaya da matarsa sun shiga gona da sungumi da ƙwaryar iri. Ni ina zaune a gefensa ina gyara masa matashi. Sai ya ce, "Uwata."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Tun kina goye... kike ganin ina ɗiga ruwa a itace."

Na sunkuyar da kai na ce, "Mantawa na yi, Baba."

Ya ce, "Ƙarya kike. Makuba ma... kin fi uwarki iyawa." Ya ja numfashi. "Tun ranar farko na gane. Na bar ki ne." Sannan ya ɗora hannunsa a kaina, hannun da har lokacin makuba ba ta gama fita daga faratansa ba, ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Na tashi na shiga ɗakin Inna na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Ba zan ce muku ya warke ba. Hannun dama bai dawo ba, tafiya kuma sai da sanda da kafaɗar mutum. Amma ya ƙara shekaru masu dama a duniya, kuma ya yi su ne a kan dandamalin nan, ba a ɗaki ba. Yaya ya dawo da wurin sassaƙarsa gindin tsamiyar, ba turmin da zai tafi kasuwa sai Baba ya shafa shi. Har ya koyi danne itace da ƙafa yana fafe ludayi da hagu. Kowace bazara in ɗorawa ta nuna nakan zo gida mu sake shafe allunan, shi ke yin bakunan. Da Allah ya karɓi abinsa, a kan dandamalin aka yi masa wanka, ruwan ya zurare ta tsakanin allunan.

Abin da na koya a wannan bazara shi ne, marar lafiya ba magani da abinci kaɗai yake bukata ba. Mu da muke jinya mukan ɗauke wa mutum komai saboda tausayi, mu ce kwanta, huta, bari in yi maka, ba mu san muna gaya masa cewa gidan zai tafi daidai ko ba shi ba. Wanda ya saba a nemi saninsa, in aka daina nema, zai riga ajalinsa mutuwa. Don haka in Allah ya ɗora muku jinyar tsoho, ku bar masa wani abu da ba za a yi ba sai da shi, ko da zai kifar da ƙwarya, ko da aikin zai daɗe. Yanzu ni ma idona ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Jikokina mata, waɗanda kowacce ta fi ni iya girki, sukan zo da ludayi su durƙusa su ce, "Kaka, ɗanɗana mana, ba mu gane ko daddawar ta ji ba." Ina sane da abin da suke yi. Nakan karɓa in ɗanɗana, in ɓata fuska, in ce a ƙara gishiri.